Kakata ta rasu tana Kirista, tambaya ta hana ni barci, maigida kuma ya daina cin abincina

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 31, ina aure a Tudun Wada nan Kaduna, yarana biyu. Mamana 'yar Kudancin Kaduna ce, ta musulunta kafin ta auri Babanmu, amma mahaifiyarta, wato Kakata, a Kirista ta rayu a Kirista ta rasu wata uku da suka wuce. Anti matar nan ita ta raine ni. Lokacin rikicin 2000 muna Kakuri, a ɗakinta ta ɓoye mu kwana uku ita tana zaune a bakin ƙofa. In na je hutu da azumi ita ke tashina sahur, hijabina na farko ita ta siyo min a Kasuwar Barci. Da ta rasu na ce Allah ya jiƙanta, sai ƙanwar mijina ta ce in daina ɓata bakina, ita kam ai wuta ce har abada. A wajen zaman makoki a Sabon Tasha kuma kawuna ya ja ni gefe yana hawaye wai ni da Mama yake tausayi tunda ba mu karɓi Yesu ba. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Abin da ke cina shi ne, da wane haƙƙi za a ƙona mutum har abada a kan rayuwar shekara 80, alhali bai roƙi a halicce shi ba kuma bai zaɓi gidan da za a haife shi ba? Wani dare na kasa riƙewa na faɗa wa maigidana, ya ce in sake kalmar shahada, yau kwana 5 ba ya cin abincina, wai sai ya tambayi malamai ko aurenmu na nan. Ina sallah amma ina jin kamar munafuka ce ni. Anti na kafirta ne?

Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan babban rashi, Allah ya ba ku haƙuri ke da Mama. Tambayarki ta ƙarshe zan fara ɗauka don ita ce ba ta jira. A'a, ba ki kafirta ba. Wadda ta bar addini ba ta kwana tana kuka don tsoron kar ya zama ta bar shi, ba ta tashi da asuba da kumburarrun ido ta ɗauki buta. A Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Huraira, wasu sahabbai suka zo wajen Manzon Allah (SAW) suka ce muna jin wani abu a zukatanmu da ɗayanmu ke jin nauyin furta shi, ya ce kun ji hakan? suka ce eh, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce ba waswasin ne imanin ba, nauyin da yake yi wa zuciya ne. Kuma sahabbai ne fa, ba ni da ke ba. Annabi Ibrahim ya ce Ubangiji nuna min yadda kake raya matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Yana nan a Baƙara aya ta 260, ki ɗauko tarjamar Malam Abubakar Gumi ki gani da idonki. Mala'iku ma da aka ce za a sa halifa a bayan ƙasa sai da suka tambaya, kuma ba korarsu aka yi ba, amsa aka ba su.

Toh amma ba zan yi miki daɗin baki ba. Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai tun da can har yau, kuma a nan 'yan Izala da 'yan ɗariƙa bakinsu ɗaya ne, shi ne wuta ba ta ƙarewa ga wanda gaskiya ta zo masa ya gane ta ya ƙi ta har ya mutu, ayoyin dawwama kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba. In na ce miki babu wannan na cuce ki, da azumi za ki ji ana karantawa a tafsirin Sultan Bello ki ce ashe Anti maƙaryaciya ce.

Ita kuwa "da wane haƙƙi" ba ke kika fara ta ba, kuma ba Turawa suka kawo mana ita ba kamar yadda wasu ke cewa da zarar mutum ya buɗe baki. Sama da shekara 1000 malaman tauhidi na kai ruwa rana a kanta. Ash'ariyya, wato aƙidar da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, suka ce zalunci shi ne ka sa hannu a abin da ba naka ba, Allah kuwa komai nasa ne, don haka duk abin da ya yi ba za a kira shi zalunci ba, ba a tambayarsa abin da ya aikata, su ne ake tambaya, Anbiya aya ta 23. Mu'utazila suka ce a'a, hankali na gane kyau da muni kuma adalci wajibi ne a kan Allah, abin mamaki kuma su ɗin ne suka fi kowa tsanani, don har Musulmin da ya mutu a kan babban zunubi bai tuba ba sun ce dawwama zai yi. Wasu irin su Ibnu Taimiyya suka ce zalunci abu ne da Allah ke da ikon yi, amma ya ƙi shi, ya haramta wa kansa.

Ni dai a karan kaina amsar "ai nasa ne" ita kaɗai ba ta taɓa kwantar min da hankali ba, kuma na san dalili. Tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta a kan kyanwa, ta ɗaure ta ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ta nema ba. Zuciyar da aka gina a kan wannan ta riga ta san samun iko a kan abu ba lasisin azabtar da shi ba ne, shi ya sa in an ce mata "nasa ne, shikenan" sai ta yi shiru amma ba ta ƙoshi ba. Kuma Allah da kansa bai tsaya a nan ba. Hadisi na 24 a Arba'una Hadisi, wanda muka haddace a Islamiyya muna rera shi ba mu san nauyinsa ba: ya ku bayina, na haramta wa kaina zalunci. A Nisa'i aya ta 40 ya ce ba ya zaluntar ko gwargwadon ƙwayar zarra. A Bukhari da Muslim ya ce rahamarsa ta rinjayi fushinsa, kuma ya kasa rahama kashi 100, ɗaya kaɗai ya saukar duniya ya riƙe 99 sai ranar ƙiyama. Abin da ya zaunar da tsohuwar nan a bakin ƙofa kwana uku tana tsaron jikokinta, ɗan gutsure ne daga kashi ɗayan nan. Kinga ashe tausayin da kike auna Allah da shi ma a wajensa kika aro.

Saura lissafin shekara 80 da har abada. Amsa biyu aka fi bayarwa. Ta farko, ba a auna laifi da tsawon lokacin da aka ɗauka ana yinsa, da girmansa da girman wanda aka yi wa ake aunawa, kisan kai na minti ɗaya ne amma kotu na yanke ɗaurin rai da rai, malaman Kirista irin su Tomas Akwinas ma da girman wanda aka saɓa wa suka kafa hujja. Ta biyu tana An'am aya ta 28, cewa da za a mayar da su duniya da sun koma wa abin da aka hana su, ma'ana hukuncin ba na ƙirgen kwanaki ba ne, na abin da zuciyar ta zama ne har ba ta juyuwa. Ta farkon, in faɗa miki gaskiya, tana barina da sauran tambaya, don ɗaurin rai da rai ma yana ƙarewa ranar da rai ya fita. Ta biyun ce ta fi zauna min, amma ki lura da abin da take ɗauke da shi. Sai wanda ya san abin da mutum zai yi da an ba shi dama ta biyu da ta dubu ne zai iya yanke irin wannan hukunci. Ƙanwar mijinki ta san wannan game da Kaka? Ita da ko abin da ke tukunyar maƙwabciyarta ba ta sani ba sai ta leƙa?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a wa'azin lasifika ba. Ɗalibin Ibnu Taimiyya, Ibnul Ƙayyim da ya rasu 751 bayan hijira, wanda littattafansa suka cika teburan masu sayar da littattafai a bakin masallatanmu, ya yi dogon bayani a Hadil Arwah yana jero hujjojin masu cewa wata rana wuta za ta ƙare, aljanna kuwa ba za ta ƙare ba. Suna kafa hujja da Suratu Hud, a aya ta 107 aka ce 'yan wuta za su dawwama sai dai abin da Ubangijinka ya so, aka rufe da cewa yana aikata abin da ya nufa, a ta 108 da aka zo kan 'yan aljanna aka rufe da cewa kyauta ce da ba ta yankewa. Taƙiyyuddin Subki na zamaninsu ya rubuta raddi mai zafi, jamhurun malamai suna bayan Subki, kuma har yau ana gardama kan ainihin matsayar Ibnu Taimiyya. Ban kawo miki wannan don ki ɗauka ki je ki kara da mijinki ba, dan Allah kar ki yi. Na kawo ne ki san manyan da suka haddace abin da ni da ke ba za mu taɓa haddacewa ba sun zauna da tambayar nan, ta dame su, sun rubuta ta da tawada, kuma har gobe in an ambace su Allah ya yi musu rahama ake cewa.

Wanda maganarsa ta fi kusa da Kaka shi ne Imam Gazali, ya rasu 505 bayan hijira. A Faisalut Tafriƙa ya kasa waɗanda ba Musulmi ba kashi uku, wanda sunan Annabi bai taɓa isa kunnensa ba, wanda saƙon ya iso masa a fili da hujjojinsa ya juya baya, sai na uku wanda ya ji sunan amma tun yana yaro a gurɓace aka ba shi labarin, ya ce na ukun nan yana da uzuri kamar na farko. Ga kuma Isra'i aya ta 15, ba mu kasance masu azabtarwa ba sai mun aiko manzo. Toh a wane layi Kaka take? Mace ce da aka haifa a gidan coci, ta ga Musuluncin 'yarta da na jikokinta, ta kuma ga hayaƙin da ya turnuƙe garin nan a Fabrairun 2000, ta ji abin da kowane ɓangare ya yi wa ɗan'uwansa. Me ya isa zuciyarta a matsayin hujja, me ya isa a matsayin tsoro, me ta ce a numfashinta na ƙarshe, wannan sai Wanda ya halicci zuciyar. Shi ya sa malamai ke raba hukuncin duniya da na lahira. A duniya Kirista ce, an yi mata jana'izar Kirista, ba gardama. Amma a nuna mutum ɗaya da yatsa a ce wance 'yar wuta ce, in ba wanda nassi ya ambata ba irin su Abu Lahab da Fir'auna, da yawa daga malamai suna hana wannan. Ban ce miki tana aljanna ba fa. Cewa na yi fayil ɗinta ba ya ofishin kowa a Tudun Wada.

Maganar "Allah ya jiƙanta" kuwa, a nan suna da madogara, ba zan ɓoye miki ba. Tauba aya ta 113 ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara ko da ɗan'uwa ne na jini, kuma malamai a kanta suke hana yi wa wanda ya rasu ba Musulmi ba wannan addu'ar. A Bukhari ya zo cewa a kan Abu Ɗalib ta sauka, baffan da ya raini Annabi ya tare masa Ƙuraishawa shekara da shekaru. Ki tsaya a nan kaɗan ƙanwata. Mafificin halitta ma ya ɗanɗani abin da kike ɗanɗana, wanda ya raine shi ya kare shi ya tafi ba tare da ya furta kalmar ba. Ke ma babu wanda ya hana ki kuka, ko ambaton alherinta, ko ba 'ya'yanki labarinta. In dare ya yi ƙirjinki ya cika, ki karanta maganar Annabi Isa a Ma'ida aya ta 118: in ka azabta su bayinka ne, in ka gafarta musu kai ne Mabuwayi Mai hikima. An ruwaito Manzon Allah ya kwana yana maimaita ayar nan ita kaɗai har asuba. Ƙur'ani kike karantawa, babu mai ce miki don me.

Kawunki kar ki riƙe shi. Abin da ke cinki shi ke cinsa, a ɗaya gefen gada kawai yake tsaye. Shi ma an karantar da shi Matiyu 25:46 mai maganar madawwamiyar azaba, shi ma yana kwana da tunanin 'yar'uwarsa da suka ci tuwo kwano ɗaya. Su ma a cikin gidansu gardamar ba ta mutu ba, malaminsu Orijen na Iskandariya tun ƙarni na 3 na Miladiyya ya yi fatan a ƙarshe kowa zai dawo ga Allah, Agustin na Arewacin Afirka da ya rasu 430 Miladiyya ya tsaya kan azaba ce ba iyaka kuma nasa ra'ayin ne ya rinjaya a coci, a zamaninmu wani babban malaminsu na Ingila John Stott ya karkata ga cewa 'yan wuta ƙarewa za su yi ɗungurungum. In ya sake ɗauko zancen ki ce Kawu na gode da ka damu da ni, ni ma ina damuwa da kai, mu bar wa Mai hukunci, ya mutanen gida da yara? Kuma kar mutuwar Kaka ta zama ƙarshen zuwanki Sabon Tasha. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ba Musulma ba, ya ce ki sadar da zumuncin mahaifiyarki.

Yanzu maigida. Ban ga mugunta a abin da ya yi ba, tsoro na gani. Mutum ne da ya taso yana jin irin wannan tambaya ƙofar ridda ce, sai ga matarsa uwar 'ya'yansa ta yi masa ita da tsakar dare, ya laluba bai samu amsa ba, sai ya ɓuya a bayan "sai na tambayi malamai". Amma ya yi kuskure, mace na cikin makoki ta kawo maka zuciyarta ka mayar mata da yajin cin abinci? Ni ba mai fatawa ba ce, sai dai tambaya daban ƙaryatawa daban, ke kuma ba ki ƙaryata komai ba, neman fahimta kike. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya sha fama da ɗaliban tauhidi masu saurin kafirta mutane, ya yi rubuce-rubuce yana tsawatar musu, wannan ciwon tsoho ne a ƙasar nan.

Ga abin da nake so ki yi. Shahadar da ya nema ki faɗa a gabansa, ai kullum sau 9 kike faɗarta a tahiyar farilla, ba abin da zai rage ki, amma ki ce masa a hankali: Abban yara ban taɓa sakinta ba balle in sake kamawa, baƙin ciki ne ya yi min yawa na kawo wa wanda ya fi kusa da ni. Sannan kar ki bari ya je wajen malami shi kaɗai, don in tsoro ya ɗauki magana daga ɗaki kafin ta isa zaure ta koma "matata ta ce Allah azzalumi ne". Ki ce ku je tare, ki rubuta tambayarki a takarda yadda kika rubuto min har da labarin Kaka. Ku nemi dattijon malami mai karantar da littafi, wanda ya saba da masu musulunta da danginsu, Kaduna cike take da irinsu, ba mai neman mabiya a TikTok ba. In ya ƙi tafiya da ke, ko yajin ya haura mako biyu, ki sa baffansa ko waliyyinki a ciki, ba kai ƙara ba, neman a zauna. Ƙanwarsa kuwa ba sai kin tanka mata ba, shi za ki roƙa ya gaya mata hadisin Nana A'isha da ke Bukhari, kada ku zagi matattu don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Abu biyu da ba na wasa da su. Kar ki sa tambayar nan a Facebook ko sitatus ko grup ɗin 'yan ajinku, ko da muryar WhatsApp ce, mun ga abin da saƙon murya ya jawo a Sakkwato a 2022, masu yankan magana su yaɗa rabi ba sa jiran bayani. Na biyu barcin nan. Wata uku ba barci ba tauhidi kaɗai ba ne, jiki ma ya shiga ciki, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ƙaramar tambaya ma dutse take mayar da ita balle wannan. In ya ci gaba, ko kika daina cin abinci, ko tunanin ya fara zuwa miki a sallah yana maimaita kansa ba ki iya tsayar da shi, ki ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba. Daina bin bidiyon muhawara da ƙarfe biyun dare ma magani ne.

Akwai wadda kika ambata kika wuce da sauri, Mama. Ke kaka kika rasa, ita uwa. Ita ce ta bar addinin gidansu, ita ce danginta ke kallo a wajen makoki, ita ce in ta yi kuka a Tudun Wada za a ce tana yi wa kafira, in ta yi a Sabon Tasha a ce ai ita ta gudu ta bar ta. Ina zargin tambayar da ta hana ki barci wata uku ita ta fi shekara 30 tana kwana da ita ba ta da wanda za ta gaya wa. Ranar Asabar ki shirya yaran ku hau keke ku je, in hijabin nan na Kasuwar Barci yana ƙasan akwati ki tafi da shi. Kar ki kai mata Gazali ko Ibnul Ƙayyim, ki ce mata kawai Mama ba ni labarin Kaka tana budurwa. In kun dawo daga wajen malamin ki sake rubuto min in ji me ya ce, da kuma ko maigida ya koma cin tuwonki.